Tsohon magani da sabuwar cuta: darasin annobar korona

Ɗan'uwa mai karatu, kana tune da shekarar 2020? A watan Disamba na 2019 wata sabuwar cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Aka sa mata suna Covid-19, mu kuma muka fi saninta da korona. Ran 11 ga watan Maris 2020, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa cutar ta zama annoba ta duniya baki ɗaya. Ran 19 ga wannan wata aka samu mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijar. Aka rufe makarantu, aka tsai da sallar jam'i, aka killace birnin Yamai.

A lokacin nan babu allurar rigakafi, babu kuma maganin da aka yi domin wannan cuta. Sai likitocin duniya suka waiwaya ga magungunan da suke hannu, suka shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ceci rayuka masu yawa. Wasu ba su yi komi ba. Wasu kuma suka cutar da mutanen da suka sha su da ka. A cikin wannan darasi za ka ga yadda aka rarrabe su, domin ka san abin da za ka yi in wata annoba ta sake zuwa.

1. Mi ake nufi da ba tsohon magani sabon aiki?

Kowane magani na asibiti an yi shi ne domin wata cuta sananniya. Amma wani lokaci masana sukan gano cewa maganin yana da wani amfani dabam, wanda masu yin shi ba su yi tunani ba tun farko. In aka gwada aka tabbatar, sai a fara ba da shi domin cuta ta biyu. Wannan shi ne ba tsohon magani sabon aiki.

Abin ba sabo ba ne. Ga misali biyu.

Asfirin ya shiga kasuwa a 1899 a ƙasar Jamus, domin ciwon kai da ciwon jiki da masassara. Bayan shekaru da yawa aka gane yana hana jini daskarewa cikin jijiyoyi. Yau likitoci suna ba da shi kaɗan-kaɗan ga wasu masu ciwon zuciya.

Akwai kuma maganin da ake kira AZT. An harhaɗa shi a Amurka a 1964 da nufin ya yaƙi ciwon daji, amma bai yi nasara ba, aka aje shi. Da cutar sida ta ɓulla, aka ɗauko shi aka gwada. A 1987 ya zama magani na farko da aka yarda da shi domin sida. Daga baya aka gano yana rage wucewar cutar daga uwa zuwa jinjiri.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne. Sai dai ba kowace cuta ce zuma ke warkarwa ba, kuma abin da ke nuna wadda take warkarwa shi ne gwaji.

2. Domin mi ake komawa ga tsohon magani?

Dalilai huɗu ne.

Na ɗaya, lokaci. Yin sabon magani tun daga tushe yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15. Annoba kuwa ba ta jira.

Na biyu, sani. An riga an san yadda tsohon magani yake tafiya cikin jiki, da yawan da mutum zai iya ɗauka, da illolin da yake kawowa. Saboda haka ba a fara bincike daga farko ba.

Na uku, samuwa. Masana'antu sun riga sun iya yin shi, yana cikin farmasi da ɗakunan ajiya na asibitoci.

Na huɗu, kuɗi. Tsofaffin magunguna da yawa suna da arha, domin kamfanoni da dama suna da izinin yin su. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga ƙasashe irin tamu.

To amma ka lura da wannan. Sanin cewa magani yana warkar da masassarar cizon sauro bai nuna zai warkar da korona ba. Kowace cuta da irin ƙwayar da ke haddasa ta. Masassarar cizon sauro wata ƙaramar halitta ce da sauro ke sa wa mutum cikin jini. Taifot da kwalara, ƙwayoyin da ake kira bakteri ke kawo su. Korona kuwa, da mura da ƙyanda da sida, birus ne ke kawo su. Birus ya fi bakteri ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya shiga cikin ƙwayoyin naman jikin mutum ya yi aiki da su. Shi ya sa kashe shi ba tare da an taɓa mai ɗauke da shi ba yake da wuya.

3. Yadda korona take aiki cikin jiki

Kafin ka gane magungunan, sai ka gane cutar. Tana da zango biyu.

A zangon farko, wato kamar mako guda daga fara ciwo, birus yana hayayyafa cikin hanci da maƙogwaro. Mutum yana jin masassara da tari da gajiya, wani ya daina jin ƙamshi. Garkuwar jiki, wato sojojin da Allah ya halitta cikin jini domin su yaƙi cuta, sukan taso su ci ƙarfinsa. A farkon annobar, kusan mutum 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ciwonsu bai yi tsanani ba, suka warke.

A zango na biyu, wanda mutane kaɗan ne suke kai gare shi, cutar tana sauka cikin huhu. A nan sojojin jiki sukan wuce gona da iri. Garin yaƙi da birus sai su ɓata huhun kansa, ya kumbura, ruwa ya taru, numfashi ya gagara. Tsofaffi da masu ciwon sukari da masu hawan jini su suka fi shiga wannan haɗari.

Saboda haka magani iri biyu ake biɗa. Akwai wanda zai tsai da birus tun da wuri. Akwai kuma wanda zai kwantar da sojojin jiki in sun yi yawan faɗa. Maganin da ya dace da zango na biyu yana iya cutar da wanda yake zangon farko. Ka riƙe wannan, za mu komo gare shi.

4. Ta yaya ake sanin magani yana aiki?

Wataƙila ka taɓa jin wani ya ce: na sha kaza, kwana uku na miƙe. Mai wannan magana ba ƙarya yake yi ba, ya sha kuma ya warke. Amma ka tuna mafi yawan masu korona suna warkewa ko ba su sha komi ba. Da ya sha ruwan randa kaɗai, da wataƙila haka zai miƙe. Warkewar mutum ɗaya, ko goma, ko ɗari, ba ta isa hujja ba.

Ka ɗauki misali daga gona. An kawo maka sabon irin gero, ka shuka, bana ka samu damma da yawa. Irin ne ya yi kyau, ko damina ce ta yi albarka? Ba za ka sani ba sai ka raba gona gida biyu. Ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, noma ɗaya. Gefe guda sabon iri, gefe guda tsohon iri. Da kaka sai ka ƙidaya damman kowane gefe. In kuwa ka sa sabon irin cikin fadama, tsohon bisa tudu, to ka ruɗi kanka.

Haka ake gwada magani. Ga ƙa'idodin:

Ana tara marasa lafiya masu yawa, ɗaruruwa ko dubbai, kowa da yardarsa bayan an yi masa bayani.

Ana raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Ba likita ke zaɓe ba, domin kada ya ba masu sauƙin ciwo maganin, ya bar masu tsanani.

Gida ɗaya yana samun kulawar da aka saba, da maganin da ake gwadawa. Gida na biyu yana samun kulawar da aka saba kawai.

A ƙarshe ana ƙidaya kowa da kowa, ba a cire ko mutum ɗaya. Nawa suka warke, nawa suka rasu a kowane gida?

Manyan gwaje-gwaje biyu suka yi fice lokacin korona. Na farko sunansa RECOVERY, wanda malaman jami'ar Oksford ta Ingila, Peter Horby da Martin Landray, suka jagoranta tun watan Maris 2020 cikin asibitoci fiye da 170. Na biyu sunansa Solidarity, na ƙungiyar OMS. Sakamakonsa na farko, wanda ya fito a watan Oktoba 2020, ya ƙunshi mutum fiye da dubu 11 cikin ƙasashe 30. A Afirka ma an fara wani gwaji mai suna ANTICOV a watan Nuwamba 2020, wanda aka tsara domin ƙasashe 13, har da Mali da Burkina Faso da Gana da Kamaru.

5. Kulorokin: maganin da ya yi suna bai yi aiki ba

Kulorokin ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne wanda iyayenmu suka sani da sunan Nivaquine. An harhaɗa shi a Jamus a 1934, ya daɗe yana maganin masassarar cizon sauro. Daga baya cutar ta saba da shi, ya daina jin ta. Shi ya sa a shekarun 2000 Nijar da maƙwabtanta suka bar shi, suka koma ga sababbin magunguna masu haɗi biyu. Yana da ɗan'uwa mai suna hidroksikulorokin, wanda ake ba masu wasu cututtukan gaɓɓai da na fata.

A farkon 2020 masana suka ga kulorokin yana tsai da birus na korona cikin kwalabe a ɗakin bincike. A watan Maris wani likita na birnin Marsai a Faransa, Didier Raoult, ya fitar da rahoto cewa hidroksikulorokin yana kawar da birus. Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yaba maganin a bainar jama'a. Labari ya bazu ta rediyo da wayoyin salula. Ƙasashe da dama, har da Senegal da Maroko, suka sa shi cikin tsarin jinyarsu.

Amma rahoton Marsai yana da rauni. Mutum 36 kaɗai aka ƙidaya. Ba a yi ƙuri'a ba. Kuma an cire mutum 6 daga cikin waɗanda suka sha maganin: uku ciwonsu ya tsananta aka kai su ɗakin kulawa ta musamman, ɗaya kuma ya rasu. Wannan tamkar manomi ne da ya ƙidaya damman da suka yi kyau, ya ɓoye waɗanda suka lalace.

A watan Yuni 2020 gwajin RECOVERY ya ba da amsa. An ba mutum fiye da 1500 hidroksikulorokin, aka kwatanta su da fiye da 3000 da ba a ba su ba. Cikin waɗanda suka sha, 27 bisa ɗari suka rasu. Cikin waɗanda ba su sha ba, 25 bisa ɗari. Ke nan maganin bai ceci kowa ba. Gwajin Solidarity shi ma haka ya nuna. Amurka ta janye izinin gaggawa da ta ba shi. A watan Disamba 2024 mujallar da ta buga rahoton Marsai ta janye shi.

To mi ya sa ya yi aiki cikin kwalba? Domin an gwada shi ne bisa ƙwayoyin nama na ƙodar biri. Da aka sake gwadawa bisa ƙwayoyin huhun ɗan Adam, bai tsai da birus ba, saboda a can birus yana shiga ta wata ƙofa dabam. Abin da ya faru cikin kwalba alama ce kawai. Hukunci yana wajen gwaji bisa marasa lafiya.

Kafin gaskiya ta fito, an riga an yi ɓarna. A watan Maris 2020 hukumomin Legas a Najeriya suka ba da labarin mutanen da aka kai asibiti saboda sun sha kulorokin fiye da kima. Masu ciwon gaɓɓai da suke dogara da hidroksikulorokin suka rasa shi a farmasi. Ƴan damfara kuma suka samu kasuwa. A watan Afirilu 2020 OMS ta yi gargaɗi cewa an kama jabun kulorokin a Kamaru da Kwango da Nijar.

6. Dekzametazon: magani mai arha da ya ceci rayuka

Dekzametazon ya fi shekara 60 a duniya lokacin da korona ta zo. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi da rage ƙarfin sojojin jiki. Ana ba da shi domin fuka mai tsanani da wasu cututtukan fata da na gaɓɓai. Ba wanda ya yi masa talla. Likitoci da yawa ma suna tsoron ba da shi, domin suna ganin in aka raunana sojojin jiki birus zai samu fili.

Ran 16 ga watan Yuni 2020 gwajin RECOVERY ya fitar da sakamako. An ba mutum 2104 dekzametazon kaɗan, har zuwa kwana 10, aka kwatanta su da mutum 4321. Ga abin da aka gani:

Cikin waɗanda na'ura ke yi musu numfashi, masu rasuwa sun ragu daga 41 zuwa 29 bisa ɗari.

Cikin waɗanda aka sa wa iskar oksijan kawai, sun ragu daga 26 zuwa 23 bisa ɗari.

Cikin waɗanda ba su bukatar oksijan, ba a ga wani amfani ba. Har ma akwai alamar cutarwa: 18 bisa ɗari suka rasu cikin waɗanda suka sha, 14 bisa ɗari cikin waɗanda ba su sha ba.

Ka ga abin da muka faɗa a baya. Magani ɗaya, cuta ɗaya, amma ya ceci wanda yake zango na biyu, bai amfani wanda yake zangon farko ba. A watan Satumba 2020 OMS ta ba da shawara a riƙa ba da irin wannan magani ga masu korona mai tsanani kaɗai. A watan Maris 2021 hukumar kiwon lafiya ta Ingila ta ƙiyasta cewa ya ceci kimanin mutum miliyan ɗaya a duniya.

A nan akwai gargaɗi na musamman gare mu. Dekzametazon yana cikin magungunan da ake sayarwa barkatai a kasuwanninmu, wasu mata suna shan shi domin su yi ƙiba. Wannan ƙiba ba ta lafiya ba ce, kumburi ne da tarin kitse. Shan shi na tsawon lokaci yana kawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi da gyambon ciki, yana kuma buɗe ƙofa ga tarin tibi da sauran cututtuka. Wanda ya daɗe yana shan shi kada ya tsaya farat ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ya tafi asibiti a rage masa sannu a hankali.

7. Ibermektin da azitromisin: nagartattu a wurinsu

Ibermektin magani ne mai daraja. An samo asalinsa daga wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa a Japan. Da farko maganin tsutsar dabbobi ne, makiyaya sun san shi. Tun 1987 ake raba shi kyauta da sunan Mectizan domin yaƙi da makantar bakin gulbi. Masu gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, sun samu kyautar Nobel a 2015. Yana cikin abubuwan da suka taimaka har OMS ta tabbatar, a watan Janairu 2025, cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da wannan makanta.

A watan Afirilu 2020 wasu masana a Ostiraliya suka ga yana kashe birus na korona cikin kwalba. Sai dai yawan da suka zuba ya ninka sau da yawa abin da jinin mutum ke samu in ya sha maganin bisa ƙa'ida. Duk da haka mutane a ƙasashe da dama suka yi ta saye, wasu har suka sha na dabbobi suka kwanta ciwo. A watan Maris 2021 OMS ta ce kada a ba da shi domin korona sai cikin gwaji. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Burazil da Amurka da Ingila sun nuna ba ya hana kwanciya asibiti, ba ya hana mutuwa.

Azitromisin kuwa antibiyotik ne, yana kashe bakteri. Shi ake rabawa a garuruwanmu domin ciwon ido na amodari. An haɗa shi da kulorokin aka ba masu korona da yawa. A watan Disamba 2020 gwajin RECOVERY ya nuna ba shi da amfani gare su. Antibiyotik ba ya kashe birus. Kuma duk lokacin da aka sha shi ba bisa bukata ba, bakteri suna ƙara sabawa da shi, kamar yadda masassara ta saba da kulorokin. Ranar da ɗanka zai bukace shi da gaske, sai a tarar ba ya ji.

8. Sauran magungunan da aka gwada

Lopinabir da ritonabir, haɗin da ake ba masu sida: an gwada, bai amfani masu korona ba.

Remdesibir: an gwada shi bisa cutar Ebola a Kwango a 2018 da 2019, wasu magunguna suka fi shi. Ga korona yana da ɗan amfani in an ba da shi da wuri. Ta jijiya ake sa shi, kuma yana da tsada. OMS ta ƙi shi a 2020, sannan ta karɓe shi a 2022 domin wasu marasa lafiya, bayan sababbin hujjoji sun fito.

Tosilizumab da barisitinib, magungunan ciwon gaɓɓai: suna kwantar da sojojin jiki. In an haɗa su da dekzametazon suna ƙara rage mutuwa ga masu ciwo mai tsanani. OMS ta yarda da na farko a 2021, na biyu a 2022.

Paxlovid, wanda ya fito a ƙarshen 2021: haɗi ne na sabon magani da tsohon ritonabir. A nan aikin ritonabir shi ne ya hana hanta saurin narkar da sabon maganin, domin ya daɗe cikin jini.

Kada ka yi mamaki in ka ga hukuma ta sake magana. Wanda ya ƙidaya damma ya ga ba haka ba ne, ya gyara maganarsa, shi ne mai gaskiya.

Ran 5 ga watan Mayu 2023 OMS ta bayyana cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Cutar ba ta ƙare ba, amma allurar rigakafi da garkuwar da mutane suka samu sun rage ƙarfinta.

9. Abin da ya kamata ka yi

In wata sabuwar cuta ta zo, za ka sake jin ana cewa an samu magani. Ka yi waɗannan tambayoyi uku: Mutum nawa aka gwada? An raba su gida biyu da ƙuri'a? Ma'aikatar kiwon lafiya ta ƙasa ta yarda da shi? In mai ba ka labari bai san amsa ba, kada ka sha, kada kuma ka tura labarin ga wasu.

Kada ka sayi magani wajen masu talla bisa tire ko cikin kwali a bakin kasuwa. Rana da ƙura suna ɓata magani, kuma ba ka iya bambanta na gaske da jabu. Ka saya a farmasi ko a gidan likita, da takardar ma'aikacin lafiya.

Kada ka sha ragowar maganin wani, ko da ciwonku ya yi kama. Kada ka sha maganin dabbobi.

In kana jin masassara, ka tafi a yi maka awon jini. A ƙasarmu, musamman da damina da kaka, masassarar cizon sauro tana kashe yara cikin kwana kaɗan. Kada tsoron sabuwar cuta ya sa ka manta da tsohuwa.

Ka gaya wa ma'aikacin lafiya duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗi haka kafin a rubuta mata komi.

In numfashi ya yi wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko maras lafiya ya fara ruɗewa, ko ya kasa shan ruwa, a kai shi asibiti nan take, ko da dare ne.

Ka aje magani inda hannun yara ba ya kai. Ƙwayoyin kulorokin kaɗan suna iya tsai da zuciyar ƙaramin yaro.

In ma'aikatan lafiya suka nemi ka shiga gwajin magani, kana da haƙƙin a yi maka bayani da harshenka, ka karɓa ko ka ƙi, kuma ka fita lokacin da ka so. Waɗanda suka yarda suka shiga gwaji a 2020 su ne sanadin da aka san amfanin dekzametazon cikin wata uku.

10. Kalmomin da za ka riƙe

Annoba: cutar da ta kama mutane da yawa a lokaci ɗaya.

Birus: ƙwayar cuta mafi ƙanƙanta, wadda antibiyotik ba ya kashewa.

Garkuwar jiki: sojojin jini masu yaƙi da cuta.

Gwajin magani: raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, domin a ga ko magani yana da amfani.

Jabun magani: wanda aka yi domin ruɗi, ba shi da sinadarin da aka rubuta bisa kwalinsa, ko yana da kaɗan.

11. Tambayoyi domin tattaunawa a aji

Mi ya sa maganar wanda ya ce na sha na warke ba ta isa hujja ba?

Wane ne dekzametazon ya amfana, wane ne kuma bai amfana ba? Domin mi?

Waɗanne magunguna ake sayarwa barkatai a kasuwar garinku? Wa ya fi sayen su?

In aka turo maka saƙo ta waya cewa an samu maganin wata sabuwar cuta, wa za ka tambaya a garinku kafin ka yarda?

In ka ida karanta wannan darasi, ka karanta wa mutanen gidanka, musamman waɗanda suke sayo wa iyali magani. Allah ya ba mu lafiya, ya kare mu daga annoba.